Makulli Na Biyu

Shekara tara da makulli ɗaya tal nake yawo.
Kansa ya tsage, na naɗe shi da salatif.
In ya suɓuce daga hannuna,
gabana ke riga shi faɗuwa.

Na fara da masu kamfani, can hanyar Bukur.
Wata yarinya mai tabarau ta danna kwamfuta,
ta ce dubu ɗari da tamanin, kuma sai an aika Legas.
Na ce, 'yata, makulli na tambaya,
ba sadakin motar ba.
Ko murmushi ba ta yi ba.

Sai Farin Gada.
Bayan masu kabeji da karas,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina karɓar ruwa,
akwai wata rumfar kwano da ba ta kai tabarma biyu ba.
Davou ne sunan mai ita.
Makullai rataye bisa kansa kamar barkono a igiya.

Ya ce arba'in. Na ce ashirin da biyar.
Ya ce albarka.
Na ce ni ɗan fansho ne.
Ya ce ai babansa ma haka, wata biyar ke nan shiru.
Muka tsaya a talatin da biyu,
amma sai da ya ga takardun mota,
ya dubi hoto, ya dube ni,
don kwanaki wani ya zo da abin da ba nasa ba.

Inji ya kama ƙara,
garin ƙarfe na zuba kamar tsaki.
Ana kwafe wa sabo haƙoran tsoho,
har da giɓin da shekaru suka bar masa.

Na sa a ƙofa, ta buɗe.
Na murɗa, shiru.
Wata 'yar fitila ja sai ƙifta min ido take.
Na juyo da fuskar wanda aka cuta.
Davou ya ce, Baba, kwantar da hankalinka,
ƙofa ta yarda da shi,
ƙwaƙwalwar ce ba ta san shi ba tukuna.
Sai an gabatar da shi.

Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari da wata na'ura mai waya,
kamar mai raɗa wa jariri suna.
Hadari ya taso daga wajen Naraguta.
Ni kuwa ina tsaye ina juya maganar:
ashe ko ƙarfe bai yarda da kama da wane ba.

Fitilar ta mutu. Ya murɗa. Ta tashi.

Duk wannan, Haulatu na jingine da but, ba ta ce uffan ba.
Ita ta raka ni wurin likitan ido ranar Talata,
ita ta ji abin da ya ce game da yanar hagu,
da ta dama da ke biye.

Ta miƙo hannu.
Sabon na yi niyyar ba ta, Allah ya sani,
sai hannuna ya miƙa mai salatif.
Sabon na cikin aljihuna, da sauran ɗuminsa.

Na zagaya ɗaya gefen,
na zauna inda mahaifiyarta ke zama.
Ta ja kujera gaba, ta karkata madubi.
Ruwa ya sauko.
Na haɗiye magana uku kafin mu kai titi,
ta huɗun ce ta fi ƙarfina:
a hankali da kuloci.