Doguwar Ƙafa ce Ke Karɓar Wuta

Shekara arba'in ina taka keken ɗinki
a wannan tudu na Medellín,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna,
motocin igiya na shawagi bisa rufinmu.
Na san zare, na san allura.
Lantarki kuwa, tsakaninmu gaisuwa ce daga nesa,
sai takardar kuɗinsa ƙarshen wata.

Ran Laraba, a ɗakin karatun unguwa,
Duván, yaron da na taɓa rage wa wandon makaranta,
ya ajiye mini shuɗin allo, bai cika tafin hannuna ba.
"Doña Herminia, wannan yana da ƙwaƙwalwa."
Na ce to, Allah ya sa ya fi mijina jin magana.

Ga wani farin allo mai huji-huji,
kamar gidajen maɓalli ɗari huɗu babu riga.
Waya ja, waya baƙa.
Ƙwan fitila mitsitsi, ja kamar ɗan kofi ya nuna,
ƙafa biyu, ɗaya ta ɗara ɗaya.
"Doguwar ke karɓar wuta,
gajeriyar ta raka ta ƙasa."

Na soka. Na zare. Na juya.
Fat!
Walƙiya guda, sai siririn hayaƙi,
ƙauri irin na dutsen guga da aka manta kan siliki.
'Yan mata biyu a bayana suka ƙunshe dariya.
Duván bai ce uffan ba,
ya miƙo wata aba kamar ƙwayar shinkafa mai gashin baki.
Rizista. Ja, ja, ruwan ƙasa.
Ita ce ke tare wuta a bakin ƙofa,
ta ce shigo, amma a hankali.

Sai rubutu a kwamfuta, da yatsa biyu.
Kunna. Jira dubu. Kashe. Jira dubu.
Injin ya watso mini jan rubutu, ya ƙi.
Rabin sa'a ina laluben laifina
kamar mai neman allura ƙarƙashin tebur,
ashe ɗigo ne da waƙafi
na bari a ƙarshen layi na bakwai.

Daga nan ta ƙifta.
Ta ƙifta, ta sake.
Na cire tabarau, na goge, na mayar.
Tana nan tana yi mini ido.

Ba don sha'awa na zo ba.
Injinan masaƙa sun cinye kunnen Evelio,
'yarmu takan tsaya cikin ruwan sama
tana dukan ƙofa har hannunta ya yi ja,
shi yana ciki, yana karanta jaridar jiya.

Mako uku ina jan waya gefen bango,
ina kama ta ɗinki-ɗinki kamar bakin zane:
maɓalli a waje, fitila bisa kujerarsa.
Daren Asabar na fita, na ja ƙofa,
na danna.

Shiru.
Sai ƙarar silifa.
Ya buɗe, ya dube ni sama da ƙasa,
ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?"

Ƙwan farko, wanda na ƙona,
yana cikin gwangwanin maɓallai har yau.
Wani lokacin ina neman baƙin maɓalli
sai doguwar ƙafarsa ta soke ni.