Ɗaki Huɗu a Gadarif

Na auna filin da ƙafata kafin mai awo ya zo:
taku ashirin da huɗu zuwa gindin aduwa,
sha biyar daga nan zuwa kwata.
Baƙar ƙasar Gadarif ce, mai tsattsagewa da rani,
mai ƙwace takalmi in damina ta sauka.
Dillali ya faɗi kuɗi, na yi dariya don kada in yi kuka.

Abin da ke cikin gwangwanin madara
a ƙarƙashin keken ɗinkina
bai kai kuɗin ƙofa ba.

Na fara da adashe.
Mu goma sha biyu, Barmani mai shayi ce uwa.
Na roƙi kwasar fari, ta dube ni ta saman kofi:
"Talle, mai kwasar fari shi ke zubi da ciwon rai."
Ta ƙirgo mini duk da haka.

Banki na je da rigar aro.
Ba sa damƙa kuɗi a hannu, murabaha suke yi:
su sayi siminti da rodi,
su sayar mini da ribarsu a fili,
wata talatin, kowane wata da ranarsa.
Takardar filin ta kwana a wurinsu.
Har yau can take kwana.

Ilu ƙanena yana wankin mota a Jidda,
riyal ɗinsa na zuwa jefi-jefi kamar ruwan bazara.
Na ce ɗaki ɗaya nasa ne, riba da asara,
amma a rubuta, a kira shaidu.
Ya yi mini gaba wata biyu.
"Ciki ɗaya fa muka fito."
Na ce, ai shi ya sa.

Fam ɗinmu kuwa ya zama ƙanƙara a tafin hannu,
abin da ya sayi buhu goma ran Asabar
takwas zai ɗauko ran Alhamis.
Na daina ajiye takarda, jan bulo nake ajiyewa.
Jallabiya biyar in ta bar bakin allura,
amalanken jaki ya sauke mini ɗari.

Rufi ya gagara.
Sai ga wani fatake na riɗi daga Madani
yana neman masauki kafin kaka.
Ya biya hayar shekara biyu
a kan ɗakin da taurari ke leƙawa,
da kuɗinsa na sayi kwanon da ya rufe shi.

Yanzu in na bi ta layin da yamma
mutane kan ce, ga mai gida.
Nakan amsa, ina rabo a zuci:
harsashi na Barmani da mutum goma,
ginshiƙai na banki,
ɗakin kudu na Ilu,
inuwa ta mai riɗi.

Ni aduwa ce tawa, ita ban ci bashinta ba.

Ina kwana a shago, kan tabarma,
kaina kusa da ƙafar keke.
Da alli na ja layi talatin a bayan ƙofa,
jiya na goge na sha tara.