Abin da Ke Gindin Duro

Ranar Laraba nake zuwa Dakace,
da jarka biyu da takardar izini
wadda mai gadi, Malam Tanimu, ya daina karantawa.
"Mai kwasar dagwalo ta iso," in ji shi,
ya ja ƙofar ƙarfe, goro cike da kumatu.

Ta gaba mai ke fita, garau kamar zuma,
ana jera shi a tirela.
Ni ta baya nake bi,
inda duro ashirin ke tsaye a rana
cike da abin da inji ya ƙi,
baƙi, mai danƙo, mai warin tsohuwar suya.
Da damina yakan tumbatsa ya bi lambatu,
ya shimfiɗa bakan gizo na ƙarya a kan ruwa,
kwaɗi su yi tsit.

Kakata Tabawa, can Kusfa,
shekara arba'in tana murza gyaɗa da muciya.
Mai na kwalba, tunkuza ta ƙuli-ƙuli,
ɓawo na murhu,
ruwan wanke turmi ma akuya ke jiran sa.
Takan ce, "Ladidi,
shara ai abin da aka gaji da tunaninsa ne."

A ɗakin gwaji a Samaru
na juye baƙin nan a kwalba mai dogon wuya.
Akwai sinadarin da zai tatse shi cikin sa'a guda,
amma shi ma sai an nema masa makwanci bayan aiki,
wanke hannu da tawada ke nan.
Sai na zaɓi wanda ake tatsowa daga rake,
mai nawa, mai gardama,
amma yakan hau tururi ya dawo tulu
ya sake yi mini aiki gobe.

Sau goma sha ɗaya ina samun kunu.
Sau uku wuta ta ɗauke ana tsakar tafasa.
Akwai daren da na zauna kan dakali
ina lissafin kuɗin keken da na ƙona a hanya,
na ce ko in koma sayar da atamfa.

Wata na bakwai, bayan isha,
fararen ƙwayoyi suka kwanta a gindin kwalba
kamar gishirin da bai san miya ba.
A samansu ɗigo, ɗigo, ruwan zinariya,
bitamin ɗin da waken suya ya ɓoye wa 'ya'yansa,
mai hana mai tsufa.
Ban yi guɗa ba.
Na dai rubuta awo da kwanan wata,
alƙalami na rawa.

Na kai mata ran Juma'a.
Idon ya yi rauni, sai ta sunsuna,
ta shafa ɗigo a bayan hannu mai tabon kasko.
"Daga nawa?"
Na ce jarka biyu, cokali ɗaya.
"Sauran fa?"
Na ciro sabulu daga jaka, ruwan ƙasa, bai da ƙamshi,
na ɗora a cinyarta ina jiran yabo.

Ta juya shi, ta auna a tafi.
"To, ruwan da kika wanke kwalaben,
ina ya tafi?"

Na dubi akuyarta. Akuya ta dube ni.

Laraba ma ina Dakace.
Wannan karon jarka uku na ɗauka,
ɗaya babu komai a ciki.