Ƙofar da Ban Ƙera Ba

Shekara ashirin da bakwai ina walda a Ƙofar Ruwa,
ƙyauren ƙarfe, tagar bagila, sakata mai harshe uku.
Gidaje nawa na kulle a Rijiyar Lemo?
Ɓarawo ya zo ya shafa, ya ja tsaki, ya yi gaba.

Sai ga shi an shigo mini gida
ko kwaɗo ba a taɓa ba.

Daren Laraba ne, an kawo wuta,
na zauna gaban kwamfutar falo
inda nake rubuta masu bashi,
inda hotunan Inna suke, tun kafin ciwo ya kwantar da ita.
Saƙo ya faɗo, wai daga banki,
wai za a rufe asusuna kafin asuba
in ban danna nan ba.
Na danna.
Yatsa ɗaya, kamar mai korar ƙuda.

Da safe Tasi'u mai fenti ya kira:
"Maigida, wane asibiti aka kai ka?
Na tura dubu goma sha biyar ɗin."
Ni kuwa ina tsaye da kofin koko, garau nake.

Bara'atu ce ta ja kujera, 'yar autata.
Ta fara zare igiyar intanet
kamar mai ɗaure jijiya kar jini ya ƙare.
Ta ce, "Baba, mece ce kalmar sirrinka?"
Na faɗa: sunana da shekarar haihuwata.
Ta yi mini irin kallon da nake wa mutum
ya sayi ƙyauren dubu ɗari uku
ya rataye mukulli a ƙusa, ta waje.

Ta wanke na'urar tas, ta zuba mata riga-kafi.
Ta ce wannan sabuntawar da nake cewa "anjima, anjima"
tun kafin azumi,
faci ne ake wa bangon da ya tsage.
Ta ƙulla mini sabuwar kalma, doguwa, mai ƙaya,
ta banki daban, ta wasiƙa daban,
kuma ko an sace ta, sai lamba ta zo wayata
kafin ƙofar ta buɗe.
Har akwatin wayfai ta sauya wa mukulli.
Ashe samarin layinmu da ke zama jikin katangata
ba inuwar darbejiya kaɗai suke sha ba.

Lissafin bashi ya dawo, yanzu yana da kwafi
a ɗan faifai, cikin gwangwanin da nake ajiye rasit.
Kuɗin Tasi'u na biya shi daga aljihuna.
Hotunan Inna guda huɗu ba su dawo ba.

Jiya wani saƙon ya sake faɗowa,
wai na ci mota.
Na dubi yatsana, mai tabon wuta, mai kanta,
na mayar da shi aljihu,
na tashi na leƙa ko an rufe get.