Sufana Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Shida saura kwata nake farkawa har yau.
Ba zakara ba ne, ba agogo ba,
jiniyar masana'antar buhu ce ta Kumasi
da ta mutu shekara da shekaru
amma ba a gaya wa kunnena ba.

Ranar da aka garƙame ƙofa
ba wanda ya fito ya yi mana jawabi.
Takarda aka liƙa, ruwa ya jiƙe ta kafin azahar,
Atinga ya karanta mana abin da ya rage.
Na sa hannu a aljihu, na ji sufana,
mai lamba goma sha bakwai.
Ban sata ba.
Inda zan mayar ne aka sa wa kwaɗo.

Mun jira. Wa ya kai mu iya jira?
Gwanda ta tsiro a bakin tagar biyan albashi,
ta yi tsawo, ta yi 'ya'ya,
muka tsinko ta kan katanga muka sha.
Albashinmu na ƙarshe ke nan.

Fulera mai shinkafa da wake a bakin ƙofa
ta rage tukwane daga uku zuwa ɗaya,
ɗayar ma wata asuba ta hau saman mota.
Sai Mumuni mai walda. Sai 'ya'yan Atinga.
Layinmu ya koma bakin tsoho,
nan haƙori, nan wawulo.
Kowa ka tambaya: Ankara.

Ni ma na bi.

Zafin nan daban ne, da gishiri a cikinsa.
Riga ba ta bushewa, mutum ba ya hucewa.
A Nima mu biyar muke ɗaki guda,
muna karɓa-karɓar tabarma da fanka.
Gari kuwa sai kumbura yake kamar ƙullin ƙosai,
inda ka bar fili ran Laraba
ka tarar da bene ran Juma'a.

Gadi nake a gini mai hawa goma sha ɗaya.
Ina ƙirga siminti da yamma, in ƙirga da safe,
duk a buhun takarda.
Ba wanda ke tambayar wa ya saƙa.

Wani dare janareto ya shaƙe,
yara uku suka kewaye shi da fitilar waya.
Na ce su matsa.
Noti huɗu, kuma duk goma sha bakwai!
Hannuna ya tuna abin da na ɗauka ya manta.
Da ya tashi, ɗayansu ya miƙo min sidi biyar,
ya ce, Baba mai gadi, ashe kana taɓawa.
Na karɓa. Na sha koko da shi.

Jiya 'yata Lamisi ta bugo daga Madina,
ta ce in zo gida da Sallah.
Gida, in ji ta.
Uwarta na kwance a Tafo, ƙarƙashin jar ƙasa,
ko ciyawa ban je na cire ba bana.

Iskar teku na cin ƙarfe a garin nan.
Shi ya sa kowace Juma'a, bayan masallaci,
nake shafa wa sufana man kaɗanya,
in naɗe shi a tsumma,
in mayar aljihun dama.