Ɗakin Lakwal a Tawa

Sati uku ke nan a Tawa,
kullum kan bulo rana ke tarar da ni.
Makaranta a nan lakwal ce,
har bakina ya saba.

Nomau na kwaɓa siminti da tafi a tsattsage.
Inna Tsahara ta kawo fura,
ta ƙi karɓar ko dala:
"Jikata za ta zauna can, jikin taga."
Tagar da ba mu kafa ba tukuna.

Sau huɗu aka kira daga Gusau,
hannuna na cikin kwaɓi.
Da dare na lalubo lambar,
barci ya riga yatsana.

Kwano ya iso jiya,
ƙusa tana hanya, in ji direba.
Gobe ma sai asuba.