Ƙwallon Dabino a Hayin Galma

Na bar Tudun Wada masu ƙosai ba su sauke kaskon farko ba.
Keken da na gada wurin yayana yana kukan sarƙa,
kowane juyi sai ya yi mini tsaki kamar mai bi na bashi.
Na wuce Dakace, kwalta ta sallame ni,
jar ƙasa ta karɓe ni har bakin Galma.

Barau mai kwalekwale ya dubi keken, ya dube ni.
"Kai ɗari biyu, dokinka ɗari uku."
Na ce ai doki ne da ba ya cin dusa.
Ya ce, "Amma yana shuri."
Ya kwantar da shi, feda ɗaya na kallon sama.
Ruwan ƙarshen damina ne, ja, mai nauyi,
tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai
kamar ta ci gaba da tafiya ba da ni ba.

A hayi, ƙauyen bai kai a sa shi a taswira ba,
amma sun kafa rumfunan zana a filin firamare,
sun kwaso bencin 'yan aji uku.
Manoman inabi ne suka kira taron,
kowa ya matso nasa a zo a ɗanɗana.
Masu zoɓo suka ce ba a yi da su a baya,
masu tsamiya suka biyo sawu ba gayyata.

Wani dattijo ya tambaya ƙasa-ƙasa,
"Ba dai mai juya kai ba ne?"
Liman ya ɗaga kofi, ya kurɓa, ya lashe leɓe.
Nan maganar ta mutu.

Aka ba ni ƙwallon dabino guda, ƙuri'ata ke nan,
in jefa a ƙwaryar wanda ya ci harshena.

Na Alhaji Jatau baƙi wuluk, zaƙi har maƙogwaro,
irin zaƙin mai jiran a yabe shi.
Na Iya Tabawa ya sha citta da kanumfari,
ya kama ni ta hanci, na yi atishawa,
yara suka kwashe da dariya.
Na uku ruwa ya yi masa yawa.
Na huɗu na manta.
Tsakanin kofi da kofi a miƙo ƙuli-ƙuli a goge baki.

Can ƙarshen layi, inda inuwa ba ta kai ba,
Lantana ce zaune da tulu ɗaya, faifai a bakinsa.
Kuringar babanta bana ta fara 'ya'ya,
tsuntsaye sun riga su cin rabi.
Na kurɓa.
Tsami ya daki dasashina, idona ya kawo ruwa.
Sai daga baya, can baya,
kamar sallamar baƙo mai kunya,
wani ɗan zaƙi ya leƙo,
yana janye da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko.

Ƙwaryarta wayam.
Ƙwallona ya faɗa, ya ce ƙwal.
Ta ji. Ba ta ɗago kai ba,
sai dai ta gyara zaman faifan da bai karkace ba.

Jatau ne ya ci.
Aka ba shi buhun taki da tafi.

Na sayi kwalba ɗaya, na ɗaure a kariya da tsohuwar roba.
Ƙaya ta sace iskar tayar baya tun ban hango ruwa ba,
na tura dokina a ƙafa, la'asar ta yi sakaliya.

Tsakiyar kogi Barau ya ce, "Me ka samo?"
Na miƙa masa. Ya ɗora filafili a cinya,
ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar a Galma.
"Don wannan ka biya ɗari biyar?"

Ya yi tuƙi uku, ya yi huɗu.
Belbelu suka gifta mu, za su kwana.
Na ga yana motsa baki shi kaɗai.
Can ya miƙo hannu, bai ko waiwayo ba:
"Kawo in sake ji."